Dakta Ogston, likitan da ya gano ƙwayar maruru

Duk mai cin kasuwannin kan iyaka ya saba jin masu tallar magani suna ta kiran sitaf a lasifika. Wanda ya raɗa wa wannan ƙwaya suna shi ne Alexander Ogston, likitan tiyata da aka haifa a birnin Abadin na ƙasar Sikotilan a 1844.

A zamaninsa likitoci da dama sun ɗauka mugunya tafiyar ciwo ce kawai. Shi bai yarda ba. A 1880 ya ɗebi mugunyar wani ƙurji ya duba a madubin likita, sai ya ga ƙwayoyi ƙulu-ƙulu sun cure kamar nonon inabi. Ya kafa ɗakin gwaji a bayan gidansa, ya riƙa renon ƙwayoyin a cikin ƙwan kaza, yana yi wa ɓeraye allurarsu, ƙurji ya fito musu. In ya dafa mugunyar kafin allura, ba abin da ke fitowa. Mutanen ƙasarsu suka yi masa kunnen ƙashi, sai a taron likitocin Jamus a Balin aka saurare shi. A 1882 ya sa mata suna Staphylococcus, daga kalmar Girkanci mai nufin nonon inabi.

Sai dai ba dukansu ne mugaye ba, kuma wannan ne masu lasifika ba sa gaya mana. A 1884 wani Bajamushe, Rosenbach, ya raba su biyu: mai ruwan zinare da fara. Daga baya aka ga launi na yaudara, aka koma gwaji da ruwan jini. Wadda ta daskarar da shi ita ce aureus, mai kawo maruru, mai iya shiga ƙashi da jini har ta kashe mutum. Farar kuwa tana zaune a fatar kusan kowannenmu, ba ta cika cutarwa ba sai ga majinyaci mai rauni. Saboda haka in takardar asibiti ta ce sitaf, mu tambayi likita wacce ce kafin mu sayi kafso a tebur.

Ogston ya yi aikin likitan soja a Sawakin ta Sudan a 1885, tashar da alhazanmu na ƙafa ke tsallakawa Jidda. Ya zama likitan Sarauniya Biktoriya a 1892, ya rasu a 1929.