Tarihin Hans Berger, Likitan da Ya Fara Awon Ƙwaƙwalwa

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani likita Bajamushe, Hans Berger, domin aikinsa ya shafi yaran da ake danƙa mana a makarantun Jos.

An haife shi cikin 1873 kusa da garin Koburg. Yana saurayi a soja, ran nan doki ya ka da shi gaban keken igwa, saura ƙiris a take shi. A ranar kuwa 'yar'uwarsa tana can nesa, hankalinta ya tashi, har ta sa ubansu ya buga masa waya. Abin nan ya tsaya masa a rai. Ya shiga karatun likita, ya gama a Jami'ar Yena cikin 1897, ya duƙufa ga binciken ƙwaƙwalwa.

Cikin 1924 ya fara ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwar mutum da na'ura, a jikin wani yaro mai shekara 17. Sai da ya shekara 5 yana maimaita gwaji kāna ya buga sakamakon cikin 1929. Likitoci suka yi ta shakka, sai 1934 Adrian da Matthews suka gaskata shi a Ingila.

To, ga amfanin abin. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa yakan kwanta a sume, jijjiga na cinsa ta ciki, jiki kuwa shiru. Ido ba ya gani, amma na'urar, wadda ake kira EEG, tana nunawa, likita ya ba da magani. Manyan asibitoci na aiki da ita, har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.

An ce mutum tara yake bai cika goma ba, amma laifin Berger ya wuce ajizanci. Zamanin Hitler ya zauna a kotun da ke hukunta a hana masu wasu cututtuka haihuwa da tilas, cikinsu har da masu farfaɗiya. Ya kashe kansa cikin 1941.

Ni dai abin da na tsinta ke nan: farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukarsa ta miyau. In yaro ya faɗi a aji, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku cusa masa cokali a baki. Wanda kuma yakan ƙura ido ya ɗauke na ɗan lokaci, kada ku kai masa bulala, ku ce wa iyayensa su kai shi asibiti.