Pierre Curie: mutumin da ya ƙona hannunsa don gano maganin ciwon daji

Idan mace a Fakku ta ƙaramar hukumar Kebbe ta ji kullutu a mamanta, aka kai ta Tambuwal ko Sakkwato, cikin abubuwan farko da likita zai nema har da hoton sikanin. Idan gwaji ya nuna sankara ce, bayan tiyata da ƙarin ruwan maganin kashe ƙwayoyin cutar, akan tura ta sashen gashi irin wanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na'urar sikanin da gashin, duka biyun suna da tushe a aikin mutum ɗaya, wanda sunan matarsa ya rufe nasa.

An haifi Pierre Curie a birnin Paris na Faransa ranar 15 ga Mayun 1859. Mahaifinsa likita ne, kuma a gida aka koyar da shi, bai yi makarantar firamare ba. Yana shekara 18 ya kammala digirin kimiyyar fiziya.

A 1880, shi da yayansa Jacques suka gano cewa idan aka matse wasu duwatsu masu ƙyalli, musamman farar ƙanƙara da Turawa ke kira kwaz, sukan fitar da lantarki. Shekara guda bayan haka suka tabbatar da akasinsa: a sa wa dutsen lantarki, sai ya motsa. A lokacin, in ban da a ɗakin gwaji, babu wanda ya ga abin da za a yi da wannan. Sai a Yaƙin Duniya na Farko ɗalibinsa Paul Langevin ya yi amfani da dutsen wajen aika sauti cikin teku don gano jiragen ƙarƙashin ruwa. Wannan dabarar ce a bakin na'urar sikanin da ake gogawa a jikin majinyaci: lantarki ya girgiza sinadarin, sautin da kunne ba ya ji ya shiga tsoka, ya dawo, a mayar da shi hoto. Agogon hannu mai batir ma ɗan guntun kwaz ne ke riƙe masa lokaci.

Ya daɗe yana koyarwa a wata makarantar kimiyya ta birnin Paris kan albashi kaɗan, bai damu da neman muƙami ba. Sai a 1895 ya kammala digirin digirgir kan maganaɗisu, inda ya nuna cewa ƙarfe na rasa maganaɗisunsa idan zafi ya kai wani mataki, kusan digiri 770. A shekarar ya auri Marie, 'yar ƙasar Poland.

Da na'urar auna lantarki da Pierre da yayansa suka ƙera Marie ta riƙa auna hasken da ke fita daga ma'adinin yuraniyom. Da abin ya yi nisa, sai ya ajiye nasa binciken ya shiga nata. A 1898 suka sanar da gano sabbin sinadarai biyu, poloniyom da radiyom, a wata tsohuwar rumfa mai yoyo.

A 1901 Pierre ya ɗaura radiyom a hannunsa na tsawon sa'o'i goma da gangan. Fatar ta yi ja, ta zama gyambo, kuma bayan kwana hamsin bai gama warkewa ba. Shi kuwa yana rubuta yadda ciwon ke sauyawa. Tunaninsa shi ne, abin da ya iya kashe lafiyayyar tsoka zai iya kashe muguwa. Ya ba likitocin Paris sinadarin suka fara gwada shi kan cututtukan fata da ƙari. Zuwa shekarun 1920, likitan tiyata Geoffrey Keynes a Landan yana soka allurai masu radiyom a mama maimakon yanke shi gaba ɗaya. Maganin da ake ƙarawa ta jijiya ya zo daga baya, a shekarun 1940, kuma sai a 1976 Gianni Bonadonna na birnin Milan ya nuna cewa haɗa magunguna uku bayan tiyata na rage dawowar sankarar mama. Yau galibin gashin da asibitoci ke yi ba da radiyom ba ne, sun koma kobalt da injinan lantarki.

Ma'auratan sun ƙi yin rajistar mallakar hanyar tace radiyom, alhali ba su da kuɗi. A 1903, da Pierre ya sami labarin ana shirin ba shi kyautar Nobel tare da Henri Becquerel ba tare da Marie ba, ya rubuta wasiƙa ya nemi a sa sunanta. A ganina wannan wasiƙar ta cancanci a riƙa tuna ta kamar bincikensa.

Kafin nan jikinsa ya fara nuna alama, ga ciwon ƙafafu ga yawan gajiya. Ranar 19 ga Afrilun 1906, ana ruwan sama, ya zame yana tsallaka titin Dauphine, amalanken doki mai kaya ya taka masa kai. Yana da shekara 46. Marie ce aka ba kujerarsa a jami'ar Sorbonne, ta zama mace ta farko da ta koyar a can.