Tarihin Scott, Wanda Ya Fara Rubuta Muryar Ɗan Adam

Hausawa kan ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. To, ga labarin mutumin da ya fara tare ta. Yawancinmu mun ɗauka Thomas Edison ne, mai garmaho, amma akwai wanda ya riga shi da shekara 17.

Sunansa Édouard-Léon Scott de Martinville. An haife shi a birnin Faris, ƙasar Faransa, ran 25 ga Afrilu, 1817. Sana'arsa ɗab'i, daga baya ya koma sayad da littattafai. Tun yana saurayi abin da ya dame shi shi ne yadda alƙalami ba ya iya cim ma harshe in mutum yana magana.

Wata rana yana duba wani littafin kimiyya da za a buga, sai ya ga zanen cikin kunne. Ya ga dodon kunne wata 'yar fata ce wadda murya kan girgiza, sai ya yi niyyar ƙera kunne mai rubutu. Ya sami mazurari, ya rufe ƙaramin bakin da fata, kamar yadda a kan rufe kalangu, ya liƙa wani gashi mai tauri bisa fatar. Sa'an nan ya naɗe takarda a jikin wani gungume mai juyawa, ya baƙanta ta da hayaƙin fitila. In aka yi magana cikin mazurarin sai fata ta motsa, gashin ya riƙa zana farin layi mai lanƙwasa bisa baƙin. Hukuma ta ba shi takardar shaidar wannan ƙira ran 25 ga Maris, 1857.

Ran 9 ga Afrilu, 1860, aka rera wata waƙar Faransanci gaban na'urar, ta zana ta. Amma na'urar ba ta mai da murya, don nufinsa a karanta zanen da ido kamar yadda mu ke karanta allo. Wannan kuwa ya gagari kowa.

Cikin 1877 Edison ya fito da tasa a Amurka, wadda ke maimaita magana, duniya duk ta ɗauka. Scott ya buga littafi cikin 1878 yana tuna wa mutane aikinsa, ba wanda ya kula. Ya mutu ran 26 ga Afrilu, 1879, bai ji sakamakon wahalarsa ba.

Sai cikin 2008 waɗansu masana na Amurka suka samo takardunsa a Faris, suka sa kwamfuta ta bi layin nan, murya ta fito bayan shekara 148. Da fari sun juya ta da sauri, suka zaci yarinya ce. Da aka gyara sai ga muryar namiji, galibin zato ma tasa ce.

Abin lura, 'yan'uwa, Scott ya rubuta kwanan wata bisa takardar, ya kuma kai ta ajiya wurin majalisar masana kimiyya ta ƙasarsu, shi ya sa ba ta salwanta ba. Mu kuwa yau daga Gyadi-Gyadi har Tarauni da wuya a sami gidan da babu wayar da ke ɗaukar murya, ga kuma tsofaffi masu tarihi da tatsuniyoyi suna ta ƙarewa. Ya kamata mu da za mu zama malamai mu ɗauki muryoyinsu, mu rubuta suna da rana, mu adana. Allah ya ba mu iko, amin.