Marigayiya Shaista Ikramullah: 'Yar Kulle Da Ta Zama Jakadiya

A wannan makon filin namu zai yi tattaki zuwa ƙasar Pakistan, domin kawo wa masu karatu tarihin wata baiwar Allah da sunanta bai cika yawo a yankinmu ba, alhali abubuwan da ta yi gwagwarmaya a kansu su ne har yau ake kai ruwa rana a kai a zaurukan Sokode da Dapaong, wato gadon 'ya mace da kuma neman yardarta kafin a ɗaura mata aure.

An haifi Shaista Suhrawardy a birnin Kalkata na ƙasar Indiya ranar 22 ga Yulin 1915, lokacin Turawan Ingila na mulkin ƙasar. Mahaifinta, Hassan Suhrawardy, likitan tiyata ne, kuma shi ne Musulmi na farko da ya shugabanci Jami'ar Kalkata. Mahaifiyarta kuwa 'yar babban gida ce mai riƙo da al'ada, saboda haka yarinyar ta tashi a tsakanin tarbiyya biyu. A cikin gida ana karantar da ita Alƙur'ani da harshen Urdu, a waje kuma tana zuwa makarantar Loreto ta 'yan mishan. Tun tana ƙarama aka sa ta a kulle kamar sauran 'ya'yan manya na wancan zamani, ba ta kuma fita daga cikinsa ba sai bayan da ta auri Muhammad Ikramullah, wani babban ma'aikacin gwamnati, a shekarar 1933.

Ta hanyar alƙalami aka fara jin muryarta. A wancan lokaci akwai mujallun mata na harshen Urdu, irin su Ismat da Tehzeeb-e-Niswan, waɗanda ke shiga har cikin ɗakunan matan kulle, kuma a nan ne ta riƙa buga maƙaloli da gajerun labarai a kan zaman aure da ilimin 'ya'ya mata. Daga baya ta riƙa rubutu a jaridar Dawn ta Turanci, wadda Muhammad Ali Jinnah ya kafa. Da aiki ya kai mijinta Landan, ba ta zauna haka nan ba, sai ta shiga jami'a, inda a 1940 ta zama Musulma ta farko da ta samu digirin digirgir a Jami'ar Landan, da bincike a kan ƙagaggun labarai na harshen Urdu.

Bayan sun koma gida, ta tarar ƙasa ta ɗau zafi a kan neman Musulmin Indiya su samu ƙasarsu ta kansu. Fatima Jinnah, ƙanwar jagoran wannan fafutika, ita ce ta ja ta cikin jam'iyyar Muslim League, inda ta yi aikin tattara ɗalibai mata. Da aka raba ƙasar a watan Agustan 1947, sai ta zama ɗaya daga cikin mata biyu rak da ke cikin majalisar tsara tsarin mulkin Pakistan, ɗayar ita ce Jahanara Shahnawaz. Mijinta kuma ya zama babban sakataren ma'aikatar harkokin waje na farko.

A nan ne muke son mai karatu ya ɗan dakata. A yankin Punjab da wasu sassa, al'ada ta daɗe da danne shari'a a kan gadon gona. Uba zai rasu ya bar filaye, 'ya'ya maza su raba, a ce wa mata ai su na gidan wani ne. Manyan masu filaye, waɗanda da yawansu ke zaune a majalisu, ba su da gaggawar a gyara. Waɗannan mata biyu ba su ɗauko hujja daga Turai ba, abin da suka nema shi ne a ba mace kason da Suratun Nisa'i ta yanka mata. Da aka yi ta jan ƙafa, mata suka yi dafifi zuwa majalisar Lahore, a ƙarshe dai a 1948 aka amince da dokar da ta tabbatar wa mace gadonta, har da na ƙasar noma. Duk wanda ya taɓa zama wajen rabon gado a ƙauyukan da ke kewaye da mu ya san wannan labari ba baƙo ba ne. Mu ma a Togo dokar filaye ta 2018 ta daidaita mace da namiji wajen mallakar fili, amma tsakanin takarda da bakin gona akwai tafiya.

A ƙarshen wannan shekara ta 1948 aka tura ta birnin Faris cikin tawagar ƙasarta zuwa babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da shekara 33. Ana tsara kundin 'yancin ɗan Adam ne, kuma sashe na 16, mai magana a kan aure, ya jawo muhawara mai zafi, domin wakilin Saudiyya na ganin an cusa ra'ayin Turawa a ciki. Shaista ta tsaya a kan cewa lallai kundin ya ƙunshi daidaiton haƙƙi a aure da sharaɗin yardar ango da amarya, saboda tana ganin ta haka ne za a kare ƙananan yara daga auren wuri da auren dole. Ranar 10 ga Disamba aka kaɗa ƙuri'a, ƙasashe 48 suka amince, ciki har da Pakistan, takwas suka ƙaurace, ciki har da Saudiyya. A lokacin ƙasarmu tana ƙarƙashin riƙon amanar wannan majalisa a hannun Faransa, ba mu da kujera a zauren. Ta kuma goyi bayan yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi da aka amince da ita a wannan zama.

Akwai wani hangen nesa nata da ba a saurara ba. Pakistan ta wancan lokaci ɓangare biyu ce, gabas da yamma, da ƙasar Indiya a tsakaninsu. Tun a 1948 ta faɗa wa majalisa cewa mutanen gabas sun fara jin ana mayar da su saniyar ware, ta nemi a riƙa zaman majalisa a birnin Dakka, ba a Karaci kaɗai ba. Aka yi watsi da shawarar. A 1971, bayan yaƙi mai muni, ɓangaren gabas ya ɓalle ya zama Bangladesh.

Mijinta ya rasu a 1963, shekarar da ta fitar da littafin tarihin rayuwarta mai suna From Purdah to Parliament, wato daga kulle zuwa majalisa. A shekarar da ta biyo baya gwamnatin Ayub Khan ta naɗa ta jakadiya a Maroko, zamanin Sarki Hassan na biyu, inda ta zauna har 1967. Daga nan ta koma ga rubutunta, ta kuma wallafa tarihin ɗan uwanta Huseyn Shaheed Suhrawardy, wanda ya taɓa zama firaminista.

Gaskiya ɗaya ce, marigayiyar 'yar gata ce, kuma ƙofofin da suka buɗe mata saboda uba da miji ba za su buɗe wa 'yar talaka mai talla a tasha ba. Sai dai 'yan gata nawa ne suka samu irin wannan dama suka ƙare a ado da biki? Wani abin lura kuma, ba ta taɓa zagin gidan da ta fito ba. A littafinta Behind the Veil na 1953 ta bayyana bukukuwa da al'adun matan kulle cikin ƙauna da girmamawa.

Ta haifi 'ya'ya huɗu, namiji ɗaya da mata uku. Salma Sobhan ta zama lauya mai kare haƙƙin mata a Bangladesh, ita kuma Sarvath ta auri Yarima Hassan na Jodan a 1968. Allah Ya yi wa Shaista Ikramullah rasuwa a Karaci ranar 11 ga Disamban 2000, cikin watan azumi, tana da shekara 85. A 2002 gwamnatin Pakistan ta karrama ta da lambar yabo ta Nishan-i-Imtiaz. Allah Ya jiƙanta da rahama, amin.