Mamman Shata: Mawaƙin da Bai Gaji Kiɗa Ba, Bai Kuma Zama Na Mutum Ɗaya Ba

A ƙasar Hausa ta da, kiɗa gado ne, kuma kowane babban mawaƙi da ubangidansa. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Ɗanƙwairo kuwa ya tashi a fadar Maradun. Alhaji Mamman Shata bai bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ba.

An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafulatani ne manomi, wanda a wurinsa waƙa roƙo ce, roƙo kuwa abin kunya ne ga zuriyarsa. Don haka yaron ya fara da tallan goro da alewa a kasuwannin ƙauye. Sai dai dandali ya fi ƙarfin talla. Da ya ga gida ba zai ɗauke shi ba, sai ya koma Bakori, daga baya ya zauna a Funtuwa da Kano.

Kalangu ya zaɓa, gangar da aka sani da mahauta da gaɗar 'yan mata, ya shigar da ita fadojin sarakuna. Ba ya zama ya tsara waƙa a gida. A tsaye gaban jama'a yake ƙaga ta, 'yan amshi na riƙe masa gajeren amshi, shi kuwa yana zuba baiti yadda ya ga dama. Shi ya sa da wuya a sami waƙarsa ɗaya da ya rera sau biyu iri ɗaya, har Bakandamiya, wadda ya yi wa kansa kirari a cikinta.

Rashin ubangida guda shi ya ba shi kowa. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa Garba Bichi, ya yi wa direbobi da sojojin yaƙin basasa, har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka harba duniyar wata a 1969 bai tsira ba. Rediyon Kaduna da kaset suka kai muryarsa ƙauyukan arewacin Kano, irin su Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona, manomi kuma ya ji ana kiran sunan ɗan kasuwa da murya ɗaya da ake kiran sarki.

Wannan 'yanci yana da kaifi. Wanda Shata ya yi wa zambo, kamar a Gagarabadau, ya shiga bakin duniya ke nan, kuma ba kowane zambo ne ya yi da adalci ba. Malamai sun ƙi waƙarsa ta mashaya, ko da yake bakin nan ne ya yi fitacciyar waƙar yabon Annabi.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Siyasa kam ba ta karɓe shi ba: ya ci shugabancin jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar Funtuwa, amma aka tsige shi.

Ya rasu a Kano ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999. A Daura aka binne shi, garin Sarki Bashar.