Tarihin Waziri Junaidu da Dokar Laifuffuka ta Jihar Arewa

Yau za mu ambaci Malam Junaidu, Wazirin Sakkwato, daga zuriyar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. An haife shi a Sakkwato a 1906. Ya yi karatu a zaure gaban malaman garin har ya tumbatsa cikin fiƙihu da lugga da tarihi. A 1948 aka naɗa shi Waziri bayan rasuwar ɗan'uwansa Abbas.

Babbar jarrabawarsa ta zo gab da mulkin kai. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira masana shari'a, shugabansu Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Suka ba da shawara a yi dokar laifuffuka guda wadda za ta hau kan Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Hankalin alƙalai ya tashi, don kuwa littattafan Malikiyya za su bar teburin hukuncin laifi. Sai aka ɗora wa Waziri shugabancin malaman da za su duba daftarin. Suka bi shi sashe sashe, suna muhawara, suna neman gyara. Aiki ne mai nauyi, kuma ba kowane malami ya gamsu ba. Amma bulalar haddi ta tsira ga Musulmin da ya sha giya ko ya yi zina.

A 1959 Majalisar Wakilai da ta Sarakuna suka zartar da dokar a Kaduna, ta fara aiki ran 30 ga Satumba 1960. Waziri ya rasu a 1997. Allah ya jiƙansa, amin.