Bernard Fagg: Baturen da ya hau duwatsun Birnin Kudu ya ji suna kiɗa

Kwanakin nan hawan dutse ya zama yayi. Da ka buɗe TikTok ko Facebook sai ka ci karo da matasa sun taru a ƙololuwa, kowa da gorar ruwa da tabarau, ana ta ɗaukar hoto. Ni ma ban tsira ba. A hutun da ya wuce na baro Gwaram da abokaina biyu, muka nufi duwatsun Birnin Kudu. Mun hau, mun yi haki, mun yi hoto, mun sauko. Sai da na koma makaranta nake karanta cewa a 1955 wani Bature ya bi cikin duwatsun nan, ya tsaya ya saurari abin da mu muka wuce ba mu ko lura ba. Sunansa Bernard Fagg.

An haife shi a Landan ranar 8 ga Disamba 1915. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, inda ya haɗa da ilimin binciken kayan tarihi. A 1939 ya zo Jos a matsayin ma'aikacin mulkin mallaka. Yayansa William shi ma mutumin kayan tarihi ne, ya yi suna a babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan kan fasahar Afirka.

Jos ta lokacin garin kuza ce. Leburori na tona ƙasa ba dare ba rana, wani sa'in kuma su tono abin da ba kuza ba. A 1943 aka tono wani kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a wajen Jama'a. Wanda ya ɗauke shi bai ga wata daraja a jikinsa ba, sai ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Daga baya kan ya zo hannun Fagg, shi kuwa ya lura yana kama da wani da aka tono tun 1928 a ƙauyen Nok, kudancin Kaduna ta yau. Ya bi ramukan kuza yana roƙon ma'aikata su daina yar da irin waɗannan abubuwa. Daga nan sunan al'adar Nok ya fito, wadda a yau ake koyarwa a makarantunmu. A 1944 ya yi tono a kogon Rop da ke Filato, a 1952 ya buɗe gidan tarihi na Jos, a 1957 kuma ya gaji Kenneth Murray a shugabancin hukumar kayan tarihi ta ƙasa.

To, mu dawo gida. A shekarun 1950 Birnin Kudu tana ƙarƙashin Lardin Kano, don sai 1991 aka ƙirƙiri Jigawa. Wanda ya san garin ya san yadda duwatsu suka yi masa ƙawanya, manya a kan ƙanana, wasu kamar ka tura da yatsa su gangaro. A ƙarƙashin wasunsu akwai inuwa mai kamar rumfa, kuma a jikin waɗannan rumfuna ne mutanen da suka yi zane. Dutsen Mesa, Dutsen Habude da Dutsen Murufu su ne aka fi sani. Fagg ya zo nazarin zanen, ya kwafe shi, ya ɗauki hotuna.

Yawancin zanen na shanu ne, da launin ja da fari. Abin da ya ja hankalinsa shi ne shanun ba su da tozo. Duk wanda ya taso a Jigawa ya san saniyarmu da tozonta take. Amma a jikin dutsen akwai masu dogon ƙaho marasa tozo, akwai kuma masu gajeren ƙaho kamar muturu, wadda sai ka gangara kudu ko wasu tsaunuka kafin ka gan ta. Ke nan waɗanda suka yi zanen sun yi kiwon wani irin garke daban da namu.

A watan Yuni 1955, yana tsakiyar wannan aiki, ya gamu da abin da ya ƙara fito da sunan garin. Kusa da zanen akwai duwatsu da idan ka ƙwanƙwasa su da ɗan ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙararrawa. Ka buga nan ka ji murya ɗaya, ka matsa kaɗan ka ji wata. A jikinsu akwai ƙananan ramuka masu sulɓi, alamar an daɗe ana bugun wuri ɗaya, kaka da kakanni. A 1956 ya wallafa rahotonsa a mujallar Man ta Landan, yana nuna cewa zanen da duwatsun kiɗan ba a banza suke kusa da juna ba. Bayan wannan rahoto masana suka fara neman irinsu, aka kuma samu a wasu sassan Najeriya da wasu ƙasashen Afirka, har da Turai.

A nan fa sai mu faɗi gaskiya. Littattafai suna cewa Fagg ne ya gano duwatsun, alhali mutanen gari sun san abinsu tun kafin a haife shi. Yara na wasa a wurin, shi da kansa ma ya rubuta yadda al'adar aure ta garin take kai amare gindin dutsen. Kuma ma'aikacin mulkin mallaka ne, da ƙarfin hukuma a bayansa. Sai dai abin da ba za a ƙwace masa ba shi ne ya tambaya, ya saurara, ya rubuta. Mu da muke da abin, nawa ne a cikinmu suka yi hakan?

A 1963 ya koma Ingila ya riƙe gidan tarihin Pitt Rivers a Jami'ar Okasfod, amma bai yanke da Najeriya ba. A shekarun 1960 ya yi tono a Taruga, kusa da Abuja ta yau, inda aka samu matoyar narka tama da ta haura shekara 2,000. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya rage masa ƙarfi, ya yi ritaya a 1975, ya fitar da littafinsa kan mutum-mutumin Nok a 1977. Ya mutu ranar 14 ga Agusta 1987 yana da shekara 71. 'Yarsa Angela ta bi sawunsa a binciken Nok, matarsa Catherine kuma ta fitar da littafi kan duwatsun kiɗa a 1997, shekara 10 bayan mutuwarsa.

Abin da ya dame ni shi ne abin da na gani ranar da muka hau. Wani ya rubuta sunansa da na budurwarsa da fenti a jikin dutse, ledojin ruwa kuma ko'ina. Wallahi ni ma da alli na tafi a aljihu, Allah ne ya sa ban fito da shi ba. Zanen da ya jure rana da damina na ɗaruruwan shekaru, gwangwanin fenti ɗaya ya isa ya gama da shi cikin minti biyar, kuma ba a gyarawa.

Don haka idan kun shirya hawa, ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora, ku kuma nemi izinin masu kula da wurin, don wuraren zanen suna ƙarƙashin kariyar hukumar kayan tarihi ta ƙasa. Ku fita da sassafe kafin dutse ya ɗauki zafi. Kada ku hau bayan ruwan sama, santsin dutse ba ya jin magiya, silifas kuma a bar shi a gida. Kada a taɓa zanen, kada a watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto. Sannan kafin ku sauko ku nemi wani dattijo ku tambaye shi abin da kakarsa ta gaya masa game da dutsen, ku naɗa a waya. Ni dai hutu mai zuwa zan koma, in Allah ya yarda, kuma wannan karon da littafin rubutu zan tafi.